Hagu Dogo, Dama Gajere

Wani ne a wajen aikinmu, irin mutanen nan da in suka karanta abu a waya da safe, kafin rana ta take sun zama malamansa. Teburinsa na jikin nawa. Shekara huɗu ina shan wannan azaba. Ranar da ya karanta yadda ake gyaran janareta, sai da ya tsaya a kan makaniken kamfani yana nuna masa inda zai sa sifana. Kwana biyu muka yi babu wuta.

To, sai aka kawo mana sabon manaja. Siriri ne, ba ya son surutu, kuma abu ɗaya ke faranta masa rai a duniya: hawan keke a kan dutse. Ba keken zuwa cefane ba. Irin mai ƙaton tayan nan da ake bi da shi ta hanyar da ko akuya sai ta yi shawara. Duk Asabar da safe yana can bayan gari yana haki.

Ran nan ya tara mu a ofishinsa. Ya ce za a yi gasar keke ta kamfanoni, kwana uku a wani gari, kowane kamfani mutum biyar. Huɗu sun samu: shi, da akawu, da direban babbar mota, da ni. Saura gurbi ɗaya. Ya ce mai so ya riƙa bin mu dutse, a Asabar ta uku zai zaɓa.

Ku gane, ba keken ne abin nema ba. Kujerar shugaban sito ta yi wata biyu babu kowa a kai, gogan naku kuwa tun ranar da aka ɗauke shi aiki yake hangenta. A ganinsa, duk wanda ya kwana uku yana zufa kusa da manaja, shi zai hau kujerar nan. Kafin manaja ya rufe baki har ya ɗaga hannu.

"Yallaɓai, a rubuta ni."

"Ka taɓa hawan dutse?"

"Ni? Ai a kan keke aka yaye ni, yallaɓai."

Manaja ya rubuta. Sannan ya leƙa ta taga ya ce a kira masa Baba maigadi, dattijon da ke buɗe mana get. Shi Baba a bayan dutsen nan gidansa yake, shekara talatin yana zuwa aiki a keke. Manaja ya ce shi ma ya riƙa zuwa. Baba ya ce to, ai dama hanyarsa ce.

Gogan naku ya matso ya raɗa mini, "Wannan tsohon ne abokin takarata? Kai, an raina ni."

Ya je ya aro keke wajen ƙanin matarsa, ya jingine a baranda. Kwana biyar keken na nan a jingine, har yara suka fara shanya tawul a kai. Shi kuwa yana kan waya yana binciken jesi. In ba ku san jesin 'yan keke ba, riga ce mai santsi da ke manne jiki. Zif ɗinta a gaba yake, aljihunta uku a baya, daidai ƙugu, inda ake cusa ayaba da waya.

Ina cikin aiki sai na ji an taɓa ni.

"Kai, dogo ko gajere?"

"Me?"

"Hannun jesi mana! Ina hankalinka yake?"

Na ce, "Ka fara hawan keken tukuna."

Ya girgiza kai kamar na ba shi tausayi. "Ka ji matsalarku ke nan. Keke ai ƙafa ce kawai, kowane wawa na da ƙafa. Asirin duk yana cikin riga. Dogon hannu yana tare rana da ƙaya. Gajere yana shigo da iska. Akwai kuma wanda ke tsayawa ƙasan gwiwar hannu, wannan na ƙwararru ne. Kai wanne kake sawa?"

"Wanda aka wanke."

"Shi ya sa kake na huɗu."

Shi da ba ya ko na biyar. Wallahi ranar na so in kwaɗa masa abin huda takarda, sai dai na kamfani ne.

Ranar Juma'a ya nemi izini wai zai kai yaro asibiti, ya tafi shagon kayan wasanni. Awa uku yana gwada riguna, har mai shago ya gaji ya zauna a ƙasa. Daga ƙarshe ya ɗauki wata ja mai dogon hannu, da wani ƙaton rubutun Turanci a ƙirji wanda shi kansa bai san ma'anarsa ba. Da yake ya karanta cewa jesi na son matsi, sai ya ɗauki wadda ta yi masa kaɗan. Tumbinsa ya fito gaba kamar an cusa ƙwarya a cikin safa.

Asabar ta farko muka haɗu a gindin dutse, ƙarƙashin wata bishiya inda muke ajiye motoci. Hanyar tamu siririya ce, tana zagaye dutsen tana hawa. In kana tafiya, jikin dutse na hagunka, cike da sarƙaƙiya. Gangare na damanka, daga nan iska ke busowa. Tsakiyar hanya kuwa tas take, ba abin da zai taɓa ka.

Gogan naku ya fito daga mota da hular kwano da baƙin tabarau da safar hannu. Ya tsaya yana miƙa, yana juyo da ƙirji wajen manaja don a ga rubutu. Can sai ga Baba maigadi ya ɓullo a kan tsohon kekensa, da wata rigar aiki da ta koɗe, ya naɗe hannunta, ƙafarsa da silifas.

Muka tashi. Minti goma ba a yi ba na ji numfashi a bayana kamar ana hura wuta. Na waiga. Mutumin naku ya sauka yana tura keke. Zufa ta jiƙe jar rigar har ta koma baƙa. Baba ya zo wucewa a hankali, ƙiiƙ, ƙiiƙ, ya ce masa, "Sannu da aiki, ɗana."

Mun kai sama, mun sha ruwa, mun ci ayaba, akawu har ya yi waya da matarsa sau biyu, sannan gogan ya iso. Ya jefar da keken ya zube a ƙasa.

"Yallaɓai," in ji shi da kyar, "ba ni ba ne. Hannun rigar ne. Ya riƙe zafi. Jini ya kasa zagayawa zuwa ƙafa."

Manaja ya dube shi, ya dubi Baba, ya ce mu sauka.

Wani mai hankali da ya koma gida ya hau keken nan kullum da yamma. Shi kuwa wajen tela ya nufa. Telan na unguwarmu ne, shi ke mini ɗinki, kuma shi da bakinsa ya ba ni labari. Ya ce mutumin ya shigo ya shimfiɗa rigar a kan tebur ya ce, "Yanke."

"Me zan yanke?"

"Hannuwan."

"Malam, sabuwar riga ce fa. Ka naɗe su mana."

"Naɗewa na 'yan ƙauye ne. Yana hana iska bin jiki. Yanke."

Tela ya ɗauko almakashi. Gogan ya riƙe masa hannu. Wai sai an auna yatsa huɗu sama da gwiwar hannu, haka ya gani a waya. Tela ya auna ya zana da alli. Gogan ya ce a'a, ai yatsun tela sirara ne, a auna da nasa. Aka sake. Ya ce a tsaya ya duba ko yatsa huɗun da babban yatsa ne ko ban da shi. Wata mata da ta kawo gyaran zane ta gaji da jira ta tafi. Aka dai yanke, tela ya ɗaure masa guntayen a leda ya ba shi.

Asabar ta biyu ya zo da gajeren hannu, yana ta ɗaga dantse wai mu ji yadda iska ke shiga. Wannan karon ya ɗan fi daɗewa a kan keken, amma tangal-tangal yake yi. Da ya leƙa gangaren da ke damansa sai ido ya raina fata. Ya manne da jikin dutse, ya bi ta cikin sarƙaƙiya tun daga ƙasa har sama. Mu muna tsakiyar hanya, ko zare ƙaya ba ta cire mana ba. Shi kuwa sai ihu kake ji a baya: "Wayyo! Kai! Wa ya shuka wannan?"

Da ya iso sama, hannunsa na hagu tun daga dantse har wuyan hannu duk karce ne, jini ɗis-ɗis. Direba ya ce, "Kai da kyanwa kuka yi dambe?"

Baba ya ce, "Ɗana, ka riƙa bin tsakiya. Hanyar ba ta cizo."

Ko kallon Baba bai yi ba. Hannayensa yake kallo, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sake duban hagu. Na ga bakinsa yana motsi. Na san wannan fuskar. Ita ya yi ranar janareta.

Ranar Litinin ko jakata ban ajiye ba ya jawo ni bayan kabad.

"Na gano."

"Me ka gano?"

"Dubi nan." Ya miƙo hagu. "Dubi nan." Ya miƙo dama. "Me ka gani?"

"Na ga mutumin da bai iya keke ba."

"Ba ka da ido. Ƙaya duk a hagu take. Iska duk a dama take. To me ya sa za a yi wa hannu biyu hukunci ɗaya? Hagu dogo, dama gajere! Duk masu ɗinka jesi a duniya ba wanda ya yi wannan tunanin. Kada ka faɗa wa kowa sai na kai shi inda za a rubuta da sunana."

Na ce ba zan faɗa ba. Kafin a tashi cin abinci har mai shara ta sani.

Da ya koma gida ya hau neman ledar guntayen. Wannan kuma ƙanin matarsa ne ya ba ni, don ya je ranar duba lafiyar kekensa. Ya ce ya tarar da yayarsa a kicin, mijin na tsaye a bakin ƙofa yana kumfar baki.

"Ina hannuwan rigata?"

"Waɗanne? Tsummokaran nan?"

"Tsummokara? Kin san daga inda aka kawo yadin nan?"

"To ɗaya dai auta ta yayyanka ta yi wa 'yar tsanarta kaya. Ɗayan kuma ga shi nan, da shi nake sauke tukunya."

Ya fizge shi daga kan murfin tukunya. Bakin hannun rigar ya ƙone, ga tabon mai, ga ƙauri.

Ta ce, "Baban yara, don Allah in tambaye ka. Keken nan tun da ya shigo gidan nan sau nawa ka hau shi?"

"Ke ba ki san komai a harkar nan ba."

"Na san dai tawul ya fi ka hawansa."

Ya kwashi riga da hannu ɗaya ya koma wajen tela. Tela ya juya tsumman, ya shinshina.

"Ina ɗayan?"

"Ɗaya za ka mayar. Hagu."

"Dama fa?"

"A bar shi yadda yake."

Tela ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Malam, akwai wanda ya ɓata maka rai ne a gida?"

"Kai dai ɗinka."

"Zan ɗinka. Amma don girman Allah, in an tambaye ka, kada ka ce a shagona aka yi. Ina da 'ya'ya."

Aka ɗinka. Da yake an yanke an sake haɗawa, hannun ya ɗan ɗage, ga ɗinki ya zagaye dantse kamar an yi wa rigar tiyata. Gogan naku ya sa, ya tsaya gaban madubin tela yana juyi. Ya ce wata rana tela zai yi alfahari da wannan rana.

Asabar ta uku, ranar zaɓe, ya riga kowa zuwa. Mun tarar da shi a tsaye ƙarƙashin bishiya, hannu ɗaya a rufe, ɗaya a buɗe, yana ƙaurin tukunya. Aljihun bayansa sun kumbura. Ya cusa ayaba huɗu, da gorar ruwa, da waya, da ƙaramin famfon taya, da man shafawa na rana, da wani abu a leda da har yau ban san ko mene ne ba.

Akawu ya fito daga mota, ya gan shi, ya koma cikin mota ya rufe ƙofa. Ta gilashi kana ganin kafaɗunsa na rawa.

Manaja ya tsaya ya kalle shi tun daga sama har ƙasa. "Lafiya?"

"Lafiya lau, yallaɓai. Sabuwar fasaha ce. Hagu na ƙaya, dama na iska. Yau za ka ga aiki."

"To madalla," in ji manaja. Ya juyo gare mu. "Yau ta ɗaya ɓangaren za mu bi. Hanyar gasar haka take, hawa gajere, sauka doguwa. Gara mu saba."

Na dubi gogan naku. Murmushin bai gama barin fuskarsa ba, amma idonsa ya riga ya tafi lissafi. Ya ɗaga hagu, ya ɗaga dama, ya juya ya fuskanci dutsen, ya sake juyowa.

"Yallaɓai... ta wane ɓangaren?"

"Ta can."

"Ke nan dutsen zai koma dama?"

"Dutsen na nan inda yake. Mu ne za mu juya."

"Amma yallaɓai, ba a sanar ba."

Manaja ya riga ya hau keke.

Muka tashi. Yanzu ƙaya na dama, inda hannu ke tsirara. Iska na hagu, inda aka lulluɓe. Shi kuma tsoron gangare bai bar shi ba, ya sake mannewa da jikin dutse. Kafin mu sha kwana sau biyu a hanyar, hannun da ya tsira makon jiya ya karɓi rabonsa har da ƙari. Na hagu kuwa yana can cikin tsumma yana dahuwa.

A wajen hutu na sama, manaja ya ce minti biyar. Gogan ya iso a minti na huɗu, yana tura keke da gudu. Ya jefar da shi ya fara tuɓe riga.

Direba ya ce, "Me kuma?"

"Juya ta zan yi. Gaba ya koma baya, sai dogon ya dawo dama."

Baba maigadi na zaune a kan dutse yana gyara silifas. Ya ɗago ya ce, "Ɗana, in dai juyawa ce, ka juya ta ciki waje. Hannun zai koma dama, zif na nan a gaba, aljihu na nan a baya."

Gaskiyar Baba ce, kowa ya gyaɗa kai. Gogan naku ya yi dariyar raini.

"Baba, kai ka tsaya a get. Ciki waje? Rubutun ya ɓuya, ɗinki ya fito? Mutane su ce ban san jesi ba?"

Baba ya ce, "To."

Ya zura rigar gaba a baya. Zif ya koma gadon bayansa, hannunsa ya kasa kaiwa. Ya juya wa direba baya.

"Ja mini."

"Ni matata kawai nake ja wa zif."

Ya juya wa akawu. Akawu ya ce yana waya, wayar kuwa a juye ya riƙe ta. Ni na ja masa, har wuya, kuma ban yi da wasa ba. Wuyan rigar na baya ya fi tsawo, ya zo ya shaƙe masa maƙogwaro, muryarsa ta koma siririya. Aljihu uku suka sauka a kan tumbi da duk kayan da ke ciki. Rubutun da yake karewa kuwa ya koma baya, inda ba mai gani sai tsuntsaye, don ba wanda ke bayansa.

Muka fara sauka. Duk lokacin da ya taka feda, gwiwarsa sai ta daki aljihu. Ayaba ta fara fitowa ta saman aljihu a dame. Gorar ruwa tana dukan ƙarfen keke, ƙwal, ƙwal. Amma dai dogon hannu na wajen ƙaya, ina jin siririyar muryarsa a baya yana cewa, "Kun gani? Kun gani? Tana aiki!"

Sai muka kawo babban gangare. A irin wannan wuri ana tashi daga sirdi a ja jiki baya, a kwantar da ciki, don kada keke ya wuntsila da mutum. Wannan ma ya karanta a waya. Ya ja baya, ya kwanta, daidai yadda yake a hoto. Da ya zo komowa gaba, sai bayan sirdi ya shige aljihun tsakiya ya zauna daram.

Ya ja, riga ta ƙi. Gaba babu hanya, baya taya. Mazaunansa suka sauka a kan tayar baya, taya ta fara cin wando, fiiii. Hannayensa sun miƙe har ƙarshe, yatsunsa ba sa kai wa birki.

Ban taɓa ganin keke na gudu haka ba. Ya wuce ni. Ya wuce akawu. Ya wuce direba, ayaba na fantsama. Ya wuce manaja yana ihu da muryar nan ta shaƙaƙƙe, "Yallaɓai, hanya! Yallaɓai, ka lura ni ne a gaba!"

Hanya ta yi kwana. Shi bai yi ba.

Akwai wata sarƙaƙiya a wajen, babba, wadda ta fi ɗakin Baba na bakin get faɗi. Cikinta ya shige har tsakiya. Da muka iso, keken na ƙasa tayarsa na juyi, shi kuma yana rataye. Ƙaya ta kama dogon hannun ta ɗaga shi sama, ta kama aljihu, ta kama abin da ya saura na wando. Zif na baya, ba ya iya tuɓewa. Duk motsin da ya yi sai wata ƙayar ta ce ga ni.

Baba ya jingine kekensa, ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu, ya fara kutsawa.

"Baba! Yanke ƙayar, kada ka taɓa rigar!"

"Ɗana, ƙayar gona guda ce. Rigar ɗaya ce."

"Baba, ita kaɗai ce irinta a duniya!"

"Allah ya sa," in ji Baba, ya tsarge ta daga wuya har ƙugu.

Muka jawo shi ba riga. Rigar muka bar ta can a rataye. Direba ya ɗauki kekensa, Baba ya riƙe shi suka gangaro a ƙafa, yana tafiya ƙafa a buɗe saboda aikin da taya ta yi.

A gindin bishiya akawu ya ɗauko akwatin magani, ya zauna yana cire masa ƙaya ɗaya-ɗaya yana shafa aidin. Manaja ya sha ruwa, ya goge baki, ya ce ba sai an ja magana ba, gurbi na biyar na Baba ne. Muka tafa. Baba ya ce an gode, amma a samo wanda zai riƙe masa get.

Gogan naku ya miƙe da auduga manne a jiki.

"Yallaɓai, a duba lamarin nan. Ni kaɗai na wuce ka yau."

"Haka ne."

"Kuma ba a sanar za a juya dutse ba."

"Haka ne."

Manaja ya tuɓe tasa jesin, ta jiƙe sharkaf. Ya kama ta hannu biyu zai matse. Sai ga gogan ya yi tsalle, ya manta da ciwo.

"Yallaɓai, kada ka matse! Wannan yadin ba a murɗa shi, zaren ke saki. Girgizawa ake yi. Kuma ba ya son ruwan zafi, ba ya son sabulu mai ƙarfi. A inuwa ake shanya shi, a kwance, don kada kafaɗa ta zazzago. Dutsen guga kuwa ko kusa da shi kada a kawo."

Manaja ya tsaya da riga a hannu. "Duk ka san wannan?"

"Har abin da ya fi haka, yallaɓai. Duk kamfanin nan ba wanda ya kai ni sanin jesi."

Manaja ya dubi akawu. Akawu ya dubi sama. Sai manaja ya ce, "To shi ke nan. Akwai wuri a mota. Ka shirya, da kai za a tafi."

Kai, ku zo ku ga murna. Ya rungume direba, direba ya ture shi. Ya juyo ya harare ni, ya ɗaga mini gira, wato na ga ikon Allah. Ya ce wa Baba kada ya damu, zai riƙa jiransa a hanya. Sannan ya matsa kusa da manaja, ya rage murya irin ta manya.

"Yallaɓai, shawara ɗaya. Ranar gasar, wanne kake ganin zan sa? Dogo ko gajere?"

Manaja ya miƙa masa jiƙaƙƙiyar rigar ya ce, "Gajere mana. Wa ke wankin kayan mutum biyar da dogon hannu?"